Amsa: Rigar ruwa a teku mai digiri 11

Ɗan'uwa, ka tambaya ko rigarka ta roba mai riƙe ɗumin jiki a cikin ruwa (wetsuit), mai kaurin 3/2, wato milimita 3 a ƙirji da baya, 2 a hannu da ƙafa, za ta ishe ka wasan hawan igiyar ruwa a teku mai sanyin digiri 11 na ma'aunin Celsius. Gaskiya ba za ta isa ba, sai ruwa ya kai wajen digiri 17. Nemi 5/4, wato milimita 5 a ƙirji da baya, 4 a hannu da ƙafa, ka haɗa da hula, safar hannu da takalma.

Kada rana ta ruɗe ka. Ruwan teku ba ya saurin ɗumi, a arewacin duniya ya fi sanyi wajen Fabrairu da Maris.

Don Allah ka gwada kafin ka saya. In ta yi maka yawa, ruwan sanyi zai riƙa shiga ta wuya yana kore wanda jikinka ya ɗumama.