Neman diyyar raunin kai bayan hoton asibiti bai nuna komai ba

Tambaya: Malam, mota ta buge ni ina kan babur a hanyar Gusau zuwa Ƙaura Namoda, kaina ya fashe aka ɗinke. Raunin ya warke, hoton ƙwaƙwalwa bai nuna komai ba, amma ciwon kai da jiri da mantuwa sun hana ni sakat. Direban ya ce kuɗi kawai nake nema, yayana kuma ya ce kada in koma aiki sai an yanke hukunci. Ya halatta in ci gaba da ƙarar?

Amsa: Allah ya ba ka lafiya, ɗan'uwa. Neman diyya haƙƙinka ne. Idan raunin ya bayyanar da ƙashi, diyyarsa raƙuma biyar ce. Wanda bai kai nan ba, in ya bar aibi, alƙali ke ƙiyasta shi.

Maganar direban tsohuwa ce. A 1961 wani likitan Ingila, Henry Miller, ya rubuta cewa irin waɗannan majinyata sukan warware da zarar an gama shari'a, sai dai likitocin da suka bi diddigi daga baya sun tarar da masu yawa suna fama da ciwon bayan sun karɓi kuɗin. Hoto yana nuna jini da karaya ne, ba ya nuna raɗaɗi ko mantuwa, don haka rashin ganin abu a cikinsa bai isa hujjar ƙaryata Musulmi ba. Malamanmu ma, kamar yadda ya zo a Risala, littafin fiƙihun Malikiyya na Ibn Abi Zaid, ba su yarda a biya diyyar rauni ba sai bayan ya warke, domin sun san abin da rauni ke haifarwa yakan bayyana a makare.

Abin da ya fi damuna shawarar yayanka ce, kuma a nan hukuncin ke sauyawa. Idan kana iya aiki, ko da na rabin yini ne, ka zauna a gida domin alƙali ya ɗauka ka nakasa, to abin da aka ƙara maka saboda haka haramun ne, hukuncin kotu ba ya halatta shi. Shi kansa zaman gidan, da zullumin ranar kotu, da yawan nanata ciwon, suna iya tsawaita shi ba tare da ka yi ƙarya ba.

Ka faɗa wa likita abin da kake ji ba ƙari ba ragi, ka nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa, ko da zuwa asibitin Kware ne a Sakkwato. In direban ya nemi sulhu mai adalci, ka saurare shi, kuma kada ka hau babur muddin jirin bai bar ka ba.

Wallahu a'alam.