Ɗalibai na tsallake shingen intanet a ɗakin kwamfuta

Malam, ka ce kun toshe Facebook da shafukan banza a kwamfutocin makarantarku nan Damagaram, amma yara na shiga abinsu. Na taɓa riƙe irin wannan ɗaki a Zango, na san ciwon.

Fara duba asusun da suke shiga da shi. In mai ikon saka manhaja ne, to ba shinge ke nan, VPN, wato manhajar da ke zagaye shinge, za su saka kafin ka juya baya. Mu kalmar sirrin ma a jikin tebur aka liƙa ta da salatif! Buɗe musu asusu marar iko, ka sauya kalmar sirrin asusu mai ikon, ka riƙe ta kai kaɗai.

Sai wayar aljihu. Yaro ya sayi data ta Airtel ko Moov, ya raba wa kwamfutar, shingenku bai ma san an yi ba, tunda layin makaranta kawai yake tsaro. A hana kwamfutocin kama wani wifi.

Amma kada fushi ya sa ku toshe YouTube ɗungurungum, masu shirin jarrabawar BEPC da BAC na kallon darussan lissafi a can.

Dasa shinge a kan rauta (na'urar da ke raba intanet ga kwamfutoci) da kulle BIOS (tsarin da ke tada kwamfuta in an kunna ta) kuwa, kira ƙwararren mai gyara ya yi. In aka manta kalmar BIOS, sai an kwance kwamfutar.