Firintata ta daina tura imel, in sayi sabuwa? Amsoshin tambayoyinku

Tambayoyi uku na haɗa yau saboda tushensu ɗaya, wato yadda za a sa wata manhaja ko na'ura ta riƙa tura imel ta akawun ɗin da aka tsare.

Ta farko daga wani ɗan'uwa ce, ya ce: "Malam ina da firinta mai yin sikan ta tura takarda kai tsaye zuwa imel, shekara da shekaru tana aiki da Gmail ɗina, yanzu ta ƙi, kullum sai ta nuna min 535 alhali fasiwod ɗina daidai ne na gwada a waya ya buɗe. Wani ya ce ta tsufa ne in sayi sabuwa. Me ka gani?"

Ɗan'uwa kar ka sayi komai tukuna. Lambar 535 ɗin nan sabar Gmail ce, wato kwamfutar da ke karɓa da tura saƙonnin Gmail, take cewa ban yarda da shaidarka ba, kuma ba wai ka yi kuskuren rubutu ba ne, tun ƙarshen watan Mayun 2022 Google ta rufe hanyar da na'urori suke shiga da asalin fasiwod. Abin da take so yanzu shi ne fasiwod na musamman da ake yi wa kowace na'ura nata. Ka shiga saitin akawun ɗinka ɓangaren tsaro, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wannan da ake turo maka lamba a waya, don in ba ka kunna ta ba ko wajen ba za ka gani ba. Bayan nan ka nemi inda aka rubuta App passwords ka sa masa suna, misali firinta, zai fito maka da haruffa 16 an raba su huɗu-huɗu, sau ɗaya tak zai nuna maka su, kana rufe shafin shi ke nan sai dai ka yi wani. Su za ka sa a firintar a madadin tsohon fasiwod, a haɗe ba tare da tazara ba, kuma ka bi a hankali don allon firinta ƙarami ne, harafin l da i sukan ruɗa ido.

Sauran saitin ba wuya. Saba smtp.gmail.com, sunan mai amfani cikakken adireshinka har da @gmail.com ɗin, sai lambar ƙofa wadda za ka ga an rubuta port. Nan mutane suka fi sarƙewa, ƙofa 587 tana tafiya ne da STARTTLS, ƙofa 465 kuma da SSL/TLS, duka biyun tsarin ɓoye saƙo ne a kan hanya, in ka haɗa lambar wannan da tsarin wancan sai ka ga tana ta juyi har ta gaji ta ce lokaci ya ƙure. Ƙofa 25 ka rabu da ita, tsakanin saba da saba ake amfani da ita kuma kamfanonin intanet da yawa sun toshe ta saboda masu tura tarkace.

Shawarar da na fi so ka riƙe ita ce ka buɗe wa firintar nan akawun nata daban. Haruffa 16 ɗin nan ba tura saƙo kaɗai suke iya yi ba, duk wanda ya same su zai iya karanta wasiƙun da ke cikin akawun ɗin, firinta kuwa kowa na taɓa ta, yawanci ma ba a taɓa canja lambar sirrin da ta zo da ita daga kamfani ba. Na taɓa karɓar wata tsohuwar firinta da wani ofis ya rabu da ita, ina shiga saitinta na tarar da adireshin imel ɗin shugaban wajen da fasiwod a ajiye, babu wanda ya tuna ya goge, abin ya daɗe yana damuna don da a hannun mugu ta faɗa da an ji jiki. Sannan ka sani duk ranar da ka canja babban fasiwod ɗinka Google za ta soke waɗannan na na'urori gaba ɗaya, sai ka sake yin sabo. Kuma Gmail ba ta ɗaukar abin da ya wuce 25 MB, in sikan ya yi nauyi ka rage ingancinsa.

To yaushe ne sayen sabuwa ya zama dole? In ka yi duk wannan ta ƙi, ka duba ko TLS ɗin da ta iya tsoho ne, 1.0 ko 1.1, waɗanda sabobi da dama suka daina karɓa. Ka fara leƙa shafin kamfanin da ya ƙera ta ko akwai sabuntawar manhajar cikinta, sau da yawa wannan kaɗai ya wadatar. In babu, kana iya sa ta ajiye sikan a wata folda a kwamfuta. Sai in duk sun gagara sannan ka tafi kasuwa, kuma kafin ka biya ka tabbatar an rubuta tana goyon bayan TLS 1.2 ko sama, in da OAuth 2.0 ma, wato shiga ta hanyar ba da izini ba tare da ba na'ura fasiwod ba, ya fi.

Ta biyu 'yar'uwa ce, ta ce tana amfani da manhajar imel ta Thunderbird da akawun ɗin Outlook.com, karɓa da turawa duk sun tsaya, wani ya ce ta cire tsaron ta zaɓi None ko zai yi.

Don Allah kar ki cire. In kika cire ɓoyewar nan fasiwod ɗinki zai bi hanya tsirara, kuma ma ba zai yi aiki ba don sabar ba za ta karɓa ba. Microsoft ta daina karɓar shiga da zallar fasiwod a akawun na Outlook.com tun Satumbar 2024. Ki sabunta Thunderbird, a wajen hanyar tantancewa ki zaɓi OAuth2 a ɓangaren karɓa da na turawa duka, sabar turawa smtp-mail.outlook.com ƙofa 587 da STARTTLS, wata taga za ta buɗe ki shiga a shafin Microsoft da kanki ki ba da izini. Ba sai kin sayi komai ba.

Ta uku ita ce mai ɗan tsawo. Mai tambayar yana da shafin sayar da kaya a WordPress, saƙon rasit da na sake fasiwod ba sa isa ga kwastomomi ko su faɗa akwatin tarkace, yana tunanin ko ya haɗa da Gmail ɗinsa na kyauta, ko ya biya Google Workspace, wato imel ɗin kasuwanci na Google, ko ya nemi kamfanin tura saƙo.

Dalilin da ya sa saƙon yake ɓata shi ne WordPress da kanta tana turawa ne kai tsaye daga sabar da shafin yake, ba tare da wata shaida da ke nuna daga gare ka yake ba, masu karɓa kuma sai su ɗauke shi na bogi. Manhajar ƙari irin WP Mail SMTP tana gyara wannan, ta sa saƙon ya bi ta akawun na gaskiya. Gmail na kyauta zai yi maka in gwaji kake, amma iyakarsa wajen 500 ne a rana, kuma in ka sa adireshin shagonka a matsayin mai turawa ba tare da ka tabbatar da shi a Gmail ba za ta maye shi da naka na Gmail, kwastoma ya ga rasit daga wani adireshi da bai sani ba. Workspace ya kai 2,000 a rana kuma da sunan domen ɗinka, wato adireshin shafinka, in dama kana buƙatar akwatin imel na kasuwanci don kai da ma'aikata to kuɗin ba asara ba ne. Amma in saƙon da inji ke turawa ne kawai matsalarka, ni dai kamfanonin da aikinsu ke nan zan ce ka nema, irin su Amazon SES, Mailgun, Brevo ko Postmark, domin za su nuna maka wanda ya isa da wanda ya dawo da dalilin dawowarsa, ranar da wani ya ce bai ga rasit ba kana da inda za ka duba.

Ko wanne ka zaɓa sai ka sa SPF da DKIM da DMARC, wato layukan shaida da ke nuna saƙon daga gare ka yake, a saitin DNS na domen ɗinka, kamfanin zai ba ka layukan kwafa kawai za ka yi. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsananta a kan wannan, wanda ke tura wa masu Gmail saƙo 5,000 a rana dole ya kasance da duka ukun, ƙanana ma ana so su sami aƙalla SPF ko DKIM. Kuma in mai gina maka shafin ya ce ka ba shi fasiwod ɗin imel ɗinka ya sa a ciki, ka ce a'a, ka yi masa na musamman ko ka ba shi makullin API, wato lambar sirrin da manhaja ke shiga da ita, daga kamfanin turawar, ranar da kuka gama aiki ka shiga ka soke shi ka yi sabo.