Ruwan ƙasa da ruwan makuba ba ɗaya ba ne

Wata baiwar Allah daga Mabera ta ce za su yi wa falo fenti, ita tana son ruwan makuba, maigida ya ce ai shi ne ruwan ƙasa. Wa ke da gaskiya?

Hajiya, gaskiya na wajenki. Ruwan ƙasa yana da haske, kamar busasshen bangon laka. Ruwan makuba ya fi shi duhu, kuma akwai ja-ja a cikinsa. Abin da ke damuna shi ne yadda yaran yanzu suke haɗa su duka su ce "burawun", su kuma ce "kala" alhali muna da launi. Da yawansu ba su ma taɓa ganin makubar ba. Ɓawon 'ya'yan ɗorawa ne ake jiƙawa, ruwan ya rine, a yayyafa shi a daɓe ko a shafe katanga don ta jure ruwan sama. Ina yaro na sha ganin mata sun jeru suna daɓen ɗakin amarya, suna bugawa da madaɓi suna waƙa, makuba na rina musu tafin hannu. Ki duba albarkar itace ɗaya: garinta ya ba mu ruwan ɗorawa, ɓawonta ya ba mu ruwan makuba, kalwarta ta ba mu daddawa.

Amma in shawara kike so, falo a Sakkwato ya fi son ruwan ƙasa. Yana ɓoye ƙurar hunturu, ba ya kuma duhunta ɗaki. Makuba a bar ta a gindin bango, inda yara ke dafawa. Ki sa mai fenti ya shafa kowanne kaɗan, ki duba da hantsi, ki sake dubawa bayan magariba.

Wani ɗalibi daga Runjin Sambo ya ce: rawaya da ruwan ɗorawa fa?

Launi ɗaya ake nufi. Rawaya tsiro ce da ake rini da saiwarta.

Wani kuma ya tambayi ma'anar "kama da wane ba wane ba ne".

Ana faɗa wa wanda ya ga abu biyu sun yi kama ya ɗauke su ɗaya, kamar mai kiran ruwan madara fari. Ka ɗora ƙwaryar madara a kan farin ƙyalle, za ka ga ba ta kai shi fari ba.

Algashi fa, Malam?

Kore ne.