Yini ɗaya a Akara da yara: ina za a fara?

Ɗan'uwa daga zangon Kumasi, ka ce za ka kawo yaranka Akara su ga wuraren tarihi, kuma yini ɗaya kawai gare ku.

Ku yi sammako ku fara da wurin tunawa da Kwame Nkrumah. A filin nan ya shelanta 'yancin kan Ghana ranar 6 ga Maris 1957, nan kuma kabarinsa yake. An gyara wurin an sake buɗe shi a 2023. Nuna musu tsohon mutum-mutuminsa da aka fille wa kai bayan juyin mulkin 1966. Yarana sun fi tsayawa a nan, tambayoyi kamar ba za su ƙare ba.

Daga nan Dandalin Black Star ba nisa, amma rana tana duka sosai, ku riƙe ruwa.

Fadar Osu, wadda 'yan Denmark suka gina, ka fara tambayar hukumar gidajen tarihi ko ana shiga ranar, ka kuma nemi jagora. Jubilee House kuwa, fadar shugaban ƙasa, kallo daga mota ya isa. Kada ka ɗaga waya don hoto, masu gadi ba sa wasa.

La'asar ku yi ta a Babban Masallacin Kanda, sannan a gangara Nima a ci waake, wato shinkafa da wake.