Likita Ya Amsa: Kwana Huɗu a Ƙasa Cikin Dajin Fiordland

Tambayoyin wannan makon sun fito ne daga ɗalibanmu da ke karatu a ƙasar New Zealand. Sun haɗa ayari za su bi hanyar Milford da ke dajin Fiordland, tafiyar ƙasa ta kilomita 53.5 cikin kwana huɗu, ana yada zango a ɗakunan kwana uku da hukuma ta gina a dajin: Clinton, Mintaro da Dumpling.

Likita, ina da sikila, SS ce ni, amma na daɗe ban kwanta ciwo ba. In bi su?

'Yar uwa, da za ki ji shawarata, ki haƙura da wannan. Ba tudun ne matsalar ba, don wuri mafi bisa a hanyar, mashigar Mackinnon, mita 1,154 ne kawai. Sanyi, gajiya da ƙarancin ruwa a jiki su ne ke tayar da ciwon, kuma a can duka ukun tare suke zuwa. Fiordland na cikin wuraren da suka fi ruwan sama a duniya, ƙanƙara kan sauka a mashigar ko da a lokacin zafi. In ciwo ya tashi da tsakar dare a Mintaro, babu sabis ɗin waya, babu mota, sai jirgi mai saukar ungulu, shi ma in hazo ya bari. Ki zaɓi tafiyar yini guda kusa da gari. Mai AS kuwa yawanci yana iya zuwa, ya dai yawaita shan ruwa, kada ya yi tsere da kowa.

Ina allurar insulin. Me zan yi?

Malam, ka ga likitanka kafin ka tashi, domin tafiyar awa shida da jaka a baya tana cinye sukarin jini, sau da yawa sai an rage allura. Ba a sayar da abinci a ɗakunan, abin da ka ɗauko shi za ka ci. Ka zuba dabino a aljihun riga, ba a ƙasan jaka ba. Ka kuma faɗa wa abokan tafiya: in suka ga kana gumi, hannu na rawa, magana ta rikice, su ba ka zaƙi nan take. Ayarin ya ɗauki na'urar kiran agaji ta tauraron ɗan Adam, ana ba da hayarta.

An ce ƙananan ƙudaje na cizo sosai. Suna sa zazzaɓi?

Cizo kam sai wanda ya gani, har ƙarshen hanyar sunansu aka sa masa. Dangin ƙudan nan ne da ke yaɗa makantar kogi a Najeriya, amma na can ba sa ɗauke da ita, maleriya ma babu a ƙasar. Ƙaiƙayi ne kawai. Doguwar riga, safa, man korar sauro, kuma a daina susa kada ya zama gyambo.

Abin da ba ku tambaya ba ya fi damuna: kayan auduga. In sun jiƙe suna zuƙe ɗumin jiki. Ku sa na ulu, da rigar ruwa ta gaske. Wanda ya fara makyarkyata yana tuntuɓe yana magana kamar mai maye, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a sa shi cikin jakar barci, a ba shi shayi mai zafi da sukari in yana iya haɗiya.

Ruwan rafi fa?

Garau yake a ido, amma ƙwayar giyadiya mai sa gudawa ba a ganin ta. A tafasa shi minti ɗaya kafin a sha.