Amsar Baffa kan a-kori-kurar gado

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma ji daɗi da ka tambaya kafin ka taɓa komai. Ka ce kana tsakanin abu biyu: ko ka zuba kuɗi a tayar da tsohuwar Peugeot 504 a-kori-kura da mahaifinka ya bari, Allah ya jiƙansa, ko ka sayar da ita ka yi ciko ka ɗauki wata Hilux ta hannu da aka ƙara wa sifirin da bodi. Ka kuma tambaya ko abin kunya ne a al'ada ɗa ya sayar da motar ubansa.

Ba abin kunya ba ne. Iyayenmu sun sayar da doki da shanun gado, ba wanda ya zage su. Abin da ake jin kunyarsa shi ne mutum ya yanke shawara shi kaɗai a kan dukiyar da ba tasa ce shi kaɗai ba. Makullin motar nan yana aljihunka, kai ka sha wahalarta tun mahaifinka na da rai, amma har yau tana cikin gado. Mahaifiyarka tana da tumuninta a ciki, ƙannenka mata da ke gidajen aure suna da rabonsu, namiji rabon mata biyu kamar yadda shari'a ta tsara, kuma duk wannan sai an biya bashin mamaci an zartar da wasiyyarsa. Shirun da suka yi maka kara ce, kada ka ɗauka kyauta ce.

Saboda haka ko fulogi kada ka canja tukuna. Idan ka gyara ta kafin a yi mata kuɗi, ranar rabo za a kimanta ta da sabon fenti da sabon inji, kuɗinka ya narke cikin na kowa. In ka buɗe baki ka ce naka ne, a ce ka fara rigima da 'yan'uwa a kan abin duniya. Yadda ake yi shi ne a kira malamin da zai raba gadon, a kawo bakanike da dillali waɗanda ba abokanka ba, su yi mata kuɗi a yadda take yau, da tsatsarta da komai. In kana so, a cire daga rabonka, in ta fi rabonka ka yi ciko, a rubuta a gaban shaidu. In kuwa sayarwa za a yi, a fara sanar da na gida, ko akwai mai so, kafin a kai ta bakin titi.

Sai maganar motar ita kanta. Tun a 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kakuri da ke Kaduna, shi ya sa babu ƙauyen da za ta mutu maka ka rasa wanda ya san kaburetarta. Kayanta na gwanjo ana samu a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, sai dai sababbin na kwali da yawa jabu ne, ka tafi da mai ido. Inji ana saukewa a yi masa aiki, lagireto ana wankewa, kujera ana ɗinkewa. Abin dubawa shi ne ƙasanta. A hau da ita rami, ka shiga da tocila da kanka, a bubbuga shasi da guduma, musamman inda sifirin ya kama. In ƙarfe ya amsa da ƙara, tana da sauran rai. In ya yi ta zubo da gari, kada ka sa ko sisi. Ka kuma yi lissafin mai, don tun da aka cire tallafi a 2023 tsohon inji ya daina yi wa aljihu sauƙi.

Hilux mota ce, ba na musu. Gyare-gyaren da aka yi wa wannan ne ba su kwanta mini ba. Ba a ƙara wa mota sifirin don ado. Wanda ya ƙara ya daɗe yana labta mata buhuna fiye da ƙarfinta, irin lodin da kake gani yana fitowa daga Dawanau. Sifirin ya ɗauki nauyin, amma birki da giya na asali ne, su suka sha wuyar. Inda aka tsawaita bodi kuma walda ce, fenti ya rufe ta. Ka duba ko juyayyen sitiyari gare ta, wato ta shigo da shi a dama aka mayar hagu, don irin wannan aikin in bai yi kyau ba rai yake ci. Takardun kwastan kuma lambar shasi ta dace da wadda ke jikin motar, tunda a farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma masu takardar bogi ba su ƙare ba.

In har ciniki ya kai ku can, dillali la'adarsa yake nema, ba laifinsa ba ne, amma bakanikenka za ka saurara. Mai mota ya faɗi aibinta da bakinsa a gaban shaidu, haka addini ya ce. Kada ka ba da kafin alƙalami sai an yi mata lodi kun hau hanya kun taka birki.

Ni dai in shasin 504 ɗin lafiya lau yake, gyara na fi so maka, don ka san tarihin kowane ƙarfe a jikinta, kuma ba sai ka ci bashin ciko ba. Ka zo ranar Juma'a bayan masallaci da takardunta, mu je wurin mahaifiyarka tare, ni zan fara yi mata maganar. Kafin nan kada ka amsa wa dillali komai. Ka gaida iyalinka. Allah ya yi maka albarka.